Zinariyar da Ido Ba Ya Gani: Ƙananan Ƙwayoyi da Na'urorin Awon Lafiya

Wannan lacca ce da aka gabatar a gaban ɗalibai da ma'aikatan lafiya a birnin Maradi, aka kuma rubuta ta daga muryar da aka ɗauka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da iyayena da ke sahun gaba, ma'aikatan lafiya, da ku 'ya'yana ɗalibai, barkanku da wannan yammaci.

Abin da ke hannuna yawancinku kun san shi, domin babu uwar da ta kai ɗanta asibiti da zazzaɓi a cikin damina da ba ta ga an ɓare irinsa ba. Wannan shi ne ɗan farin allon robar da ake gwada zazzaɓin cizon sauro da shi. Ana tsira wa yaro allura a yatsa, a ɗiga jini a wannan ƙaramin gurbi, a bi shi da 'yan ɗigon ruwan gwaji, sannan a jira minti 15 zuwa 20. In layi ɗaya ya fito, babu cutar; in biyu suka fito, akwai ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a yawancin irin waɗannan alluna, jan layin nan zinariya ce, zinariya ta gaskiya irin wadda maƙeran farfaru ke ƙera 'yan kunne da ita, sai dai an mayar da ita ƙwayoyi masu ƙanƙanta ƙwarai har ta bar launinta na ɗorawa ta koma ja.

Ma'aunin da ake auna irin waɗannan ƙwayoyi da shi sunansa nanomita. In aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kan mutum yakan kai nanomita 80,000 ko fiye, alhali ƙwayar zinariyar da ke cikin wannan allo ba ta wuce kimanin nanomita 40 ba. Masana sukan kira abu da sunan "nano" idan girmansa yana tsakanin nanomita 1 da 100.

Me ya sa ƙanƙanta take sauya halin abu? Dalili na farko kowace mai girki ta san shi, ko da ba ta taɓa shiga ajin kimiyya ba. In ta jefa dunƙulen kanwa cikin tukunya sai ya daɗe bai narke ba, amma in ta daka shi, nan take yake bin ruwa, saboda daka ta ƙara yawan fuskar da ruwa ke taɓawa. Ku yi wannan lissafi da kanku in kun koma gida. Dunƙule mai kusurwa huɗu wanda kowane gefensa santimita ɗaya ne, faɗin fuskokinsa shida gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ne kacal. In aka yayyanka shi zuwa 'yan dunƙulaye masu nanomita ɗaya, faɗin fuskokin zai kai murabba'in mita 6,000, wato fiye da rabin hekta, gonar gero guda ke nan daga abin da bai fi ƙwayar sukari ba. Duk wani aiki na sinadari kuwa a kan fuskar abu yake faruwa.

Dalili na biyu ya shafi haske. A ƙwayar zinariya mai wannan ƙanƙanta, ƙananan halittun lantarki da ke samanta suna kaɗawa tare idan haske ya sauka a kansu, sai su shanye koren haske, abin da ya rage ya iso idonmu a matsayin ja. Mutane sun yi amfani da wannan hali tun kafin su fahimce shi. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa tun ƙarni na 4, wanda yake kore in haske ya faɗa masa ta waje, ya koma ja in hasken ya ratso ta cikinsa, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa da ke cikin gilashin. Michael Faraday ne ya yi bayani a shekarar 1857 cewa jan ruwan da ya haɗa a ɗakin gwajinsa zinariya ce da ta rarrabu ƙanana ƙwarai. A 1959 Richard Feynman ya yi wata lacca a Amurka kan yiwuwar sarrafa abubuwa ƙwaya bayan ƙwaya, sannan a 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera wata na'ura da ta ba da damar ganin ƙwayar zarra ɗaya ɗaya, a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke Zurik.

To, mu koma kan allonmu. A cikin robar akwai siririyar takarda, kuma jini yana tafiya a cikinta ne kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, ba tare da batir ko famfo ba. Ruwan gwajin da aka ɗiga yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai wani furotin da ƙwayar cutar ke fitarwa, wanda ake kira HRP2, ya fito fili. A farkon takardar an ajiye ƙwayoyin zinariya, kowace an manna mata sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya kama komai sai wannan furotin. Suna haɗuwa sai su rungume shi su ci gaba da tafiya tare, har su iso wani wuri da aka shata layi da wasu sinadaran kamu da aka kafe a jikin takardar. A nan ake tsare su. Ƙwaya ɗaya ba ta ganuwa, amma idan miliyoyi suka taru a layi guda sai ja ya bayyana. Layi na biyu kuwa shaida ce kawai cewa ruwan ya yi tafiyarsa yadda ya kamata, don haka in bai fito ba, gwajin ya lalace, ko da ɗayan layin ya fito. Da wannan dabara ce ake yin allon gwajin juna biyu, da wanda aka yi ta amfani da shi lokacin korona.

Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba mutum maganin zazzaɓin cizon sauro sai an tabbatar da cutar ta hanyar gwaji. Ba don wannan allo ba, da shawarar ba ta aiwatu a ƙauyukan Dakwaro ko Mayahi ba, inda babu madubin likita kuma babu wuta. A ganina, cikin dukan ƙirƙire-ƙirƙiren wannan fanni, babu wanda ya taɓa rayuwar talakan ƙasarmu kamarsa.

Sai dai yana da rauninsa, kuma wajibi ne ma'aikacin lafiya ya san shi. Furotin ɗin nan yakan daɗe cikin jini har makwanni bayan an warke, saboda haka yaron da ya sha magani ya sami sauƙi, in wani zazzaɓi dabam ya kama shi, allon zai iya nuna layi biyu alhali ciwon ba na sauro ba ne. Sannan an gano a ƙasar Feru a 2010, daga baya kuma a Iritiriya, cewa akwai ƙwayoyin cutar da ba sa fitar da wannan furotin ko kaɗan, sai allon ya ce lafiya lau alhali mutum na kwance. Ga kuma zafi. A jikin kwalin an rubuta iyakar zafin da za a ajiye shi, galibi digiri 30 ko 40, mu kuwa mun san abin da watan Afrilu yake a Maradi. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar magani na wani ƙaramin asibitin karkara da tsakar rana a cikin bazara, na tarar an jera kwalayen gwaji a saman kanta, tazararsu da rufin kwano ba ta kai kamu biyu ba, har kwalin da kansa ya yi ɗumi a tafin hannuna. Zinariyar ba ta damu da zafi ba, amma sinadaran da aka manna mata suna lalacewa.

Yanzu hankalin masu ƙirƙira ya karkata ga na'urorin da ke bin lafiyar mutum dare da rana. Misali mafi bayyana shi ne na masu ciwon sukari. Tushen aikin ya faro ne a 1962, lokacin da Leland Clark da Champ Lyons suka nuna cewa za a iya haɗa wani sinadari mai cin sukari da wayar lantarki, ta yadda yawan sukarin zai koma lambar da ake karantawa. A yau akwai na'ura mai faɗin kwabo, irin FreeStyle Libre da ta fito a Turai a 2014, wadda ake mannawa a damtse har kwana 14, siririn zarenta na ƙarƙashin fata yana awo, waya kuma tana nuna sakamakon. Masu bincike suna shafa wa irin waɗannan wayoyin awo ƙwayoyin zinariya ko falatinam ko siraran bututun gawayi, kuma dalilin shi ne dai wancan na dakakkiyar kanwa: fuska mai yawa tana jin abu komai ƙanƙantarsa. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli sun nuna wani abin ɗaurawa a hannu da ke auna sukari da gishiri daga gumi. Amma ina gargaɗinku game da agogunan da ake tallatawa cewa suna auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, domin a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai ciwon sukari da zai yi allura bisa lambar irin wannan agogo yana wasa da ransa.

Akwai wata na'urar da ta fi shafarmu kai tsaye, wato wadda ake maƙala wa mara lafiya a yatsa don a san yawan iskar oksijin da ke jininsa. Wani injiniyan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana haska yatsa da haske iri biyu, ja mai tsawon nanomita 660 da wani wanda ido ba ya gani mai tsawon 940, sannan ta kwatanta yadda jini ya shanye kowannensu. Hasken kuwa dole ne ya ratsa fata kafin ya isa jini. A watan Disamban 2020 likitocin Jami'ar Mishigan sun wallafa bincike da ya nuna cewa na'urar takan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da a jikin farar fata. Ma'anar wannan a ɗakin yara masu ciwon haƙarƙari ita ce, in na'urar ta nuna 92 amma yaro yana numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsa na lotsawa, to a gaskata yaron kafin na'urar. A kuma lura da jan farce da baƙin lalle a yatsun mata, domin suna iya rikita awon.

Ku ɗalibai kukan tambaye ni wane bincike za ku iya yi alhali ba mu da manyan na'urori. Ga guda wanda bai fi ƙarfin ɗalibin shekara ta uku ba. A sami ma'aunin zafi mai rubuta abin da ya auna, a ajiye shi cikin kwalin allunan gwaji a ɗakunan ajiya goma, daga Madarunfa zuwa Tasawa, tun daga watan Maris har faɗuwar ruwan farko. A rubuta irin rufin kowane ɗaki, na kwano ne ko na ƙasa, da nisan kwalin daga rufin. Daga nan a ɗebo alluna daga kowane wuri a gwada su da jinin da aka riga aka tabbatar da shi a madubin likita, a ga ko jan layin yana nan da ƙarfinsa.

Na ga shugaban zama yana duba agogo, don haka zan dakata a nan mu karɓi tambayoyi, kuma ina roƙon a fara ba ma'aikatan lafiya da suka zo daga ƙauyuka dama, tunda su ne ke da doguwar hanya kafin magariba.