Amsoshin Tambayoyinku: Nisa da rana ne ke kawo sanyi?

To jama'a lokaci na ƙure mana, bari mu ɗan ɗaga ƙafa. Wani ya rubuto yana tambaya minti nawa hasken rana ke yi kafin ya iso mu. Minti 8 ne da 'yan daƙiƙu.

Sai wadda saƙonni suka fi yawa a kanta, wai da gaske akwai lokacin da duniya ke yin nisa da rana, kuma shi ke kawo sanyi? Malam bismillah.

Malam: Eh to, rabin maganar gaskiya ne. Hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana ba da'ira ba ce cif, ta ɗan miƙe kamar ƙwai, masanin taurari Johannes Kepler ne ya bayyana haka tun 1609 bayan ya sha fama da lissafin tafiyar duniyar Mars, kai shekaru ya yi a kai...

Malam a dawo kan sanyin dai, lokaci.

Malam: To. A farkon Yuli muke kaiwa ƙarshen nisa, wajen kilomita miliyan 152, a farkon Janairu kuma mu matso zuwa miliyan 147. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke kawo sauyin yanayi shi ne karkatar da duniya ta yi na digiri 23 da rabi, ɓangaren da ya fuskanci rana shi ke shan zafi.

Kun ji ko, bari in maimaita. A Yuli mun fi nisa, amma lokacin ne Turai ke fama da zafi, Ostireliya kuma tana cikin hunturu. Da nisa ne da kowa sanyi zai ji lokaci guda. Masu yaɗa wancan zance a WhatsApp don Allah ku riƙa tambaya kafin ku tura, abin na damuna wallahi, yara na karantawa su ɗauka gaskiya ne.

Wata baiwar Allah kuma ta ce ina tauraro mai wutsiyan nan na Halley ya shige? Hajiya kina da rabon sani.

Malam: Ai shi nasa nisan ba wasa ba ne. A Disambar 2023 ya kai ƙarshen nisansa, can bayan duniyar Neptune, sama da kilomita biliyan 5 daga rana, kuma a can tafiyarsa ba ta kai kilomita 1 a daƙiƙa ba, don duk abin da ya yi nisa da rana saurinsa raguwa yake. Yanzu ya juyo. An gan shi a 1986, sai kuma 2061 in Allah ya kai mu.

Madalla Malam, mun gode. Sauran saƙonnin sai shiri na gaba.