Yau an sa na goge rabin CV ɗina a Bradford

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, fitowata ke nan daga aji, kuma wallahi ba zan iya bari sai na isa ɗaki kafin in ba ku labarin nan ba.

Kun san digiri na biyu nake yi a fannin kula da ma'aikata, wato HR. To yau malamarmu ta ce kowa ya kawo CV ɗinsa. Na kai nawa, irin wanda muka saba: hoto, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, matsayin aure. Ta ɗauki biro ta soke su kaf. Ta ce dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda shekarunsa ko addininsa ko launin fatarsa, don haka mai ɗaukar aiki ba ya ma son ganin waɗannan. Wasu ma'aikatun har suna suke rufewa kafin a tantance. Suna fa! Nan take na tuna yayana, da digirinsa mai kyau, shekara huɗu yana yawo da fayil, ko'ina ya je a tambaye shi wa ya turo shi. Sai da idona ya cicciko.

Kawu ya taɓa ce min, "Yanzu Ingila za ki je ki karanta rubuta sunayen ma'aikata?" Kawu, in kana kallo, Allah ya ƙara girma, abin ya wuce nan. Akwai masu ɗaukar ma'aikata, akwai masu horar da su, akwai masu tsara albashi, amma ni sasanta rikici ne ya ja hankalina. A nan kafin ka sallami mutum kan laifi, sai ka rubuta masa, ka zaunar da shi ya kare kansa, yana da damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, sannan ya ɗaukaka ƙara. Sulhu kuwa ai mu gida muka koya, wurin kakata. Shi ya sa in muna gwaji a aji, ni ake turawa gaba.

Hutu ma, kwana 28 ne a shekara ga mai cikakken aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya kwana 6 ta ce mafi ƙaranci. Ni dai kanti nake aiki, awa 20 a mako da biza ta yarda, kuɗin haya yana cinye kusan duka, ga fam 776 na lafiya da na biya na shekara tun kafin in taso. Jiya na sayi kuɓewa 'yar kaɗan, na tuna kasuwar Rimi, na kira Umma muka daɗe.

Mai shirin zuwa, don Allah ka duba ko kwas ɗin yana da amincewar CIPD, wato ƙungiyar ƙwararrun HR ta Birtaniya, kafin ka biya ko sisi. Wata ƙawata ba ta duba ba, yanzu kowace sanarwar aiki ta buɗe sai ta ga ana tambayarsa. Kuma kada wani ejan ya ruɗe ka, tun Janairun 2024 mai irin digirina ba ya zuwa da iyali. In gida za ka koma kamar ni, ka fara neman rajistar CIPM, wato ƙungiyar ƙwararrun HR ta Najeriya, tun yanzu.

Ga bas ɗina can, bari in ruga.