Burning Spear: Mawaƙin da Ya Mai da Rege Wa'azi

A garin Saint Ann's Bay da ke arewacin tsibirin Jamaika aka haifi Winston Rodney, mawaƙin rege (salon kiɗan Jamaika), a shekarar 1945, kuma duniya ta san shi da sunan Burning Spear, sunan da ya samo asali daga Jomo Kenyatta, shugaban Kenya na farko. A wannan garin ne kuma aka haifi Marcus Garvey a 1887, mutumin da ya kafa ƙungiyar UNIA a 1914 domin haɗa kan baƙar fata da kiran su zuwa ga Afirka. Wanda bai san wannan dangantaka ba zai sha wuyar fahimtar waƙoƙin Rodney.

Aƙidar Rastafari, wadda Rodney ke bi, ta ɓullo ne a tsakanin talakawan Jamaika bayan an naɗa Ras Tafari Makonnen Sarkin Habasha a watan Nuwamba na 1930, inda ya ɗauki sunan Haile Selassie. Mabiyanta suna kiran Ubangiji da sunan Jah, da yawansu suna kallon Selassie a matsayin mai ceto, suna kiran tsarin zaluncin da ya bautar da kakanninsu Babila, Afirka kuwa ita ce Sihiyona, gidan da za a koma. Garvey kansa bai taɓa zama ɗan Rasta ba, hasali ma ya soki Selassie bayan mamayar da Italiya ta yi wa Habasha a 1935, amma duk da haka mabiya aƙidar sun ɗauke shi a matsayin mai bushara.

A 1969 Bob Marley, wanda shi ma ɗan yankin Saint Ann ne, ya ba Rodney shawarar ya nufi ɗakin naɗar waƙoƙi na Studio One a Kingston, kuma a can ya fara. Sunansa ya fita duniya a 1975 da faifai mai suna Marcus Garvey, wanda ya yi tare da furodusa Jack Ruby.

Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne yadda yake rera waƙa. Yakan ɗauki jimla ɗaya, tambaya kan zamanin bauta ko kiran sunan Garvey, ya yi ta maimaita ta da murya mai nauyi a kan jita mai kauri da ƙahonni, har mai sauraro ya ji kamar yana cikin da'irar zikiri. Wannan salo yana da tushe a tarukan Nyabinghi, inda 'yan Rasta ke kwana suna kaɗa ganguna suna rera addu'o'i. Wasu na ganin maimaicin ya yi yawa, amma a ganina nan ƙarfinsa yake, domin tarihin da makarantun mulkin mallaka suka ƙi koyarwa ta haka ya zauna a zukatan jama'a.

Lokacin da kiɗan dansol, wani sabon salon rege na rawa, ya mamaye Jamaika daga shekarun 1980, ya karkata zuwa batun holewa da bindiga, Rodney bai sauya hanya ba. Ya kafa kamfaninsa na Burning Music domin ya riƙe haƙƙin mallakar ayyukansa, wanda hakan aiki ne da koyarwar Garvey ta dogaro da kai. Ya lashe kyautar Grammy sau biyu, a 2000 da faifan Calling Rastafari, sannan a 2009 da Jah Is Real. Ya yi ritaya a 2016, ya dawo dandamali a 2022, kuma a 2023, yana da shekara 78, ya fitar da sabon faifai mai suna No Destroyer.