Yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u: abinda ido ke ƙarasawa da kansa

To jama'a barkanmu da warhaka, yau wannan zanen zamu tsaya akai, nasan dayawanku kun taɓa ganinsa a intanet ko da baku san mai shi ba. Johannes Vermeer ne ya zana shi wajen 1665, mutumin garin Delft a ƙasar Holan, yanzu kuma yana gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague. Ƙarami ne fa, tsayinsa santimita 44 da rabi kacal.

Ku fara da yadda ta waiwayo. Kamar wani ne ya kira sunanta ta juyo ta kan kafaɗa, baki a ɗan buɗe, haske na zuwa daga hagu ya sauka a fuskarta, bayanta kuma duhu ƙirin. Ba wata sananniya bace, irin zanen da mutanen Holan ke cewa tronie ne, wato fuska da shiga ake nunawa, ba wai wata ce ta biya a zana ta ba.

Yanzu bari in matso da hoton kusa. Ku duba karan hancinta, ina layin da ya raba shi da kumatu? Babu. Fentin ya narke cikin juna ne kawai, idonka ne ya ƙarasa hancin. Haka ɗan kunnen da kowa ke magana akai, wallahi ni nan ne ya fi bani mamaki, babu ƙugiya babu wani abinda ya riƙe shi a kunnen, farin fenti ne ya ɗiga mai haske a sama sai wani mai laushi a ƙasa inda farin wuyan rigarta ya haska, shikenan fa, amma kana kallo zaka rantse lu'ulu'u ne mai nauyi yana lilo.

Shuɗin ɗankwalin nan kuma daga dutsen lapis lazuli aka niƙo shi, wanda ake haƙowa a Afganistan, tsada gareshi sosai a lokacin.

Duhun bayan ma da ba haka yake ba. Binciken da aka yi a 2018 ya gano koren labule ne launin ya dushe, har gashin ido sirara aka gano mata, alhali an daɗe ana cewa bata da shi. Ni dai gaskiya na fi sonta a cikin duhun nan. Kuma a 1881 da aka yi gwanjonta a Hague, gilda 2 da santi 30, kuɗin Holan na lokacin, aka saye ta.