Murya na rawa, ba kiɗa ba ganga

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau ina tare da Malam Auwalu da Habu, kuma kalmar da za mu warware ita ce rawar murya. Habu ne ya jawo ta, sai ya faɗa mana dalili.

Habu: Anti Bilki, dalilin na kunya ne. Ran nan aka ce in yi godiya a walimar saukar ƙanwata. Ina miƙewa sai muryata ta ɗauki rawa kamar mazari. Da na zauna wani ɗan'uwa ya ce wai sai ka ce an kama ni da kazar maƙwabta.

Malam Auwalu: Ka ji matsalar ke nan. Mutanenmu da sun ji murya na rawa sai su ce akwai lauje cikin naɗi, a jawo karin maganar nan, mara gaskiya ko cikin ruwa gumi yake. Alhali kalmar ba ta ce ƙarya ba. Abin da kunne ya ji kawai take faɗa: sauti ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Bilkisu: Amma Malam, me ya sa rawa? Ga karkarwa, ga kyarma, ga ɓari, ga makyarkyata.

Malam Auwalu: Duk suna nan, sai dai sun fi zama a jiki. Hannu ke karkarwa, jiki ke ɓari, mai zazzaɓin cizon sauro ke makyarkyata cikin bargo. In ka ce muryarsa na karkarwa an gane ka, amma rawa ta fi zauna wa murya. Ita rawa kuwa, duk inda ka jingina ta sai ta sake riga. Rawar ɗari sanyi ne. Rawar jiki ɗoki ne, irin na sabon ango. Rawar kai kuwa...

Bilkisu: Wannan ta Habu ce.

Habu: Haba Anti, a gaban jama'a?

Bilkisu: To na janye. Ni abin da ke damuna shi ne marubutanmu na littattafan soyayya. Shafi uku ba ya wucewa sai ka ga "cikin rawar murya ta ce." Ta ga saurayi, rawar murya. Kishiya ta shigo, rawar murya. Har ta zama gishirin da ya yi wa miya yawa, alhali muna da kalmomi. Wadda ta sha kuka kwana biyu muryarta dishewa take yi. Wadda kuka ya tokare wa maƙogwaro, murya ta sarƙe. Mai roƙo marairaicewa take. Mai son jan hankalin miji kashe murya take, kuma wannan da gangan ne.

Habu: In'ina fa?

Malam Auwalu: Hanyarsu daban. Mai in'ina harafi ne ke maƙale masa, muryar kanta lafiya lau. Bari in kai ku makarantar allo, don nan ake rikita abu biyu. Akwai ƙalƙala, wato ɗan girgizar da ake yi wa haruffa 5 idan suna da sukun (ɗauri), waɗanda aka tara a "ƙuɗubu jaddin." Wannan ƙa'ida ce. Sai kuma tar'idi, mai karatu ya dinga kaɗa muryarsa kamar wanda sanyi ko ciwo ya kama. Imam Suyuɗi ya lissafa shi a littafinsa Itƙan cikin abubuwan da aka ƙirƙiro a karatu.

Bilkisu: To limamin da muryarsa ke rawa a tahajjud, goman ƙarshe na azumi?

Malam Auwalu: In ta zo da kanta, wa zai zarge shi? A Bukhari, lokacin rashin lafiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ce Sayyidina Abubakar ya ja salla, Nana A'isha ta nuna cewa mahaifinta mai taushin zuciya ne, kuka zai hana mutane jin karatunsa. Duk da haka shi aka sa. Wanda ake ƙi shi ne mai ƙaƙaro ta don a ce ya iya.

Habu: Ni dai tawa ba ƙaƙarowa na yi ba. Na karanta cewa in tsoro ya zo, jiki na sakin wani sinadari, adirenalin, numfashi ya gajarta, naman maƙogwaro ya ɗaure, iskar da ke kaɗa tantanin murya ta daina fita daidai.

Bilkisu: Akwai kuma wadda ba tsoro ba ce sam. Kakata ta yi shekaru muryarta na rawa, kanta ma na ɗan kaɗawa, muna cewa tsufa ne. Sai da aka kai ta asibiti aka ce larurar jijiya ce, har da magani. Muna yara muna kwaikwayonta a bayan ɗaki, abin da har yau nake jin nauyinsa.

Malam Auwalu: Allah ya jiƙanta. Habu, ƙarshe ka gama godiyar ko tsayawa ka yi?

Habu: Na gama, Malam. Sai dai na manta sunan malamin da ya saukar da ita, yana zaune a gabana.