Jirgin da filin ƙwallo ya ishe shi tashi

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, kusa da Jos, ya ga irin doguwar kwaltar da babban jirgi ke cinyewa kafin tayoyinsa su rabu da ƙasa. To, akwai wani ɗan jirgi mai kujera biyu da tsawon filin ƙwallo ya ishe shi tashi, har ya bar saura. Kuma galibi a akwati yake zuwa, mai shi ne zai harhaɗa abinsa.

Ga shi nan kuna gani. Sunansa CH 701, injiniya Chris Heintz ne ya zana shi, ya fara tashi a 1986. Kamfanin Zenith da ke jihar Misuri a Amurka zai aiko maka da fallayen alminiyom a yanke, tare da zanen aiki, sai ka zauna kana buga ribit ɗaya bayan ɗaya, irin wanda masu haɗa taga ke bugawa. Aikin ɗaruruwan awoyi ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin a Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle da sojojin sama suka koyi tuƙi da su, bisa ƙirar RV-6A na kamfanin Van's.

Yanzu ku dubi fiffikensa da kyau, don nan maganar take. Jirgi ba ya ɗagawa sai iska ta ratsa fiffike da ƙarfi. Babban jirgin fasinja sai ya haura kilomita 200 a awa. Wannan kuwa, wajen kilomita 50 a awa ma fiffikensa na riƙe da shi, gudun da keke napep ke yi a titin Bukuru. Kun ga wannan ɗan siririn falle da ke gaban fiffiken? Akwai rata tsakaninsu. Idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi sosai, iska kan so ta rabu da saman fiffike, kuma da ta rabu jirgi ya fara zubowa. Wannan ratar ce ke tura iska ta manne wa fiffiken. Gaskiya duk lokacin da na kalli dabarar nan sai ta burge ni: babu inji a cikinta, babu waya, siffa ce kawai.

Amma fa fiffiken da ya iya tafiyar hawainiya ba ya tsere. Gudunsa a sama bai wuce wajen kilomita 130 a awa ba.

Abin da nake so mu mutanen Jos mu riƙe shi ne tudu. Garinmu ya haura mita 1,200 daga matakin teku, iskarmu ba ta da kaurin ta Legas. Injin da aka fi sa wa jirgin, Rotax 912 ƙirar Ostiriya, mai ƙarfin doki 80 ko 100, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Ke nan a nan sama da kashi 10 ya tafi tun jirgi bai motsa ba. Fiffiken ma sai ya ƙara gudu kafin ya samu abin kamawa. Idan aka haɗa da zafin azahar na watan Maris, da mutum biyu, da cikakken tankin mai, filin da ya isa a takardar kamfani zai iya gazawa, ga duwatsu a gaba.

Shi ya sa, bayan NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, ta duba jirgi ta ba da izini, matuƙi mai hankali sai ya taka filin da ƙafarsa, ya auna kayansa, sannan ya tashi da sanyin safiya.