Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Ziyararsa ta Sashen Adana Bayanai, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, babban sakatare da daraktoci, iyayenmu hakimai, Allah ya ƙara muku girma. A madadin ma'aikatan wannan sashe, ina yi maka barka da zuwa, ranka ya daɗe. Mun daɗe muna ɗokin wannan rana.

Ɗakin fayil za mu fara kai ka. A ciki akwai takardun da muka gado daga Bauchi tun 1996 da aka ƙirƙiro jihar Gombe. Wasu gara ta ci, wasu ɗigar damina ta manne su. A bakin ƙofar ɗakin nan na ga wani dattijo ɗan fansho ya taso daga Nafada har sau uku da kuɗin mota na rance, kullum a ce masa fayil bai fito ba. Bayan an shigar da takardunsa a kwamfuta ya sake dawowa, kafin ya shanye ruwan da aka miƙa masa an buga masa takardarsa. Tun daga ranar na daina shakkar aikin nan na maida fayil cikin kwamfuta.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin tarihin. An kafa NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, a 2001. A 2015 aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗinsu a asusun bai-ɗaya na TSA. A ƙarshen 2020, lokacin ɗan garin nan Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Abin da na lura, duk wanda ya kankama a cikinsu umarni ne mai wa'adi, kuma an bi sawunsa.

Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Da an ɗauke wuta sai mu lulluɓe kwamfutocin mu koma biro, aiki ya zama biyu. Tsofaffin akawunmu kuwa, da suka san kowane fayil kamar yunwar cikinsu, suna tsoron na'urar ta zo ne ta raba su da tuwonsu. Su ya kamata a fara koya wa, domin su ne suka san takardar gaskiya da ta jabu.

Saboda haka muna roƙon wutar sola, da horo a nan cikin ofis da Hausa, da kuɗin gyara da na intanet a kasafin kowace shekara. A kuma sa mana ranar da za a daina karɓar fayil na hannu.

Allah ya yi maka jagora, ya maida kai gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, mu ƙarasa ciki.